HARAJIN TIKITIN JIRGI: HAR ƘAUYENMU YAKE ISOWA



Na san wasunku da zarar sun ga "jirgin sama" a saman rubutu za su wuce, su ce wannan rigimar manya ce, mu da muke fama da kuɗin taki da na makarantar yara ina ruwanmu da tikiti. Don Allah ku ɗan yi haƙuri ku karanta. Rubutun yana da tsawo, amma maganar ta shafi aljihun mutumin Kunchi da Makoɗa da Ɗambatta da Bichi da Minjibir fiye da yadda muke zato.

Su wa ke hawa jirgi daga yankin nan namu? Dattijon da ya shekara goma yana tara kuɗin gyaɗa da gero da na kiwo don ya sauke farali. Hajiyar da 'ya'yanta suka yi karo-karo za su kai ta Umarar azumi. Mara lafiyar da likita ya ce sai dai a gwada Masar ko Indiya, dangi suka jinginar da gona. Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a waje. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Farm Centre da ke saro kaya daga Dubai ko Sin, wanda rabin yaran shagonsa 'yan ƙauyukanmu ne. A cikin waɗannan babu gwamna, babu sanata. Su manyan ma ai yawancin tafiye-tafiyensu ofis ne ke biya, kuɗin gwamnati ya fita daga wannan aljihu ya faɗa wancan. Wanda ke zaro kuɗin tikiti daga guminsa shi ne ke jin zafin duk wani ƙari.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, albashina daga haraji yake fitowa, saboda haka ba za ku ji na ce kada a biya haraji ba. Abin da nake cewa shi ne, yadda aka jibga haraji da kuɗaɗen hukumomi a kan tikitin jirgi a ƙasar nan ya wuce misali, yana taimakawa wajen karya kamfanonin jiragenmu, kuma mu mutanen Kano muna cikin waɗanda suka fi kowa asara.

Bari mu yi lissafin a fili.

Idan za ka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda ko Alƙahira, akwai kuɗin hidimar fasinja da hukumar filayen jiragen sama, FAAN, ke karɓa. A shekarar 2020 aka ninka shi, daga dala 50 zuwa dala 100. Na tafiyar cikin gida kuma daga naira 1,000 zuwa 2,000. Akwai dala 20 ta tsaro da hukumar NCAA mai sa ido kan harkar sufurin sama ke karɓa tun 2010. Daga 1 ga Disamba 2025 kuma aka ƙara wata dala 11.5, aka ce ta tsarin tattara bayanan fasinja ce kafin ya iso. Haɗa su: dala 131.5. A ce dala tana naira 1,400, ka ga naira 184,100 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne. Wato albashin ƙaramin ma'aikaci na sama da wata biyu da rabi, kuma fa ba a zo kan kuɗin kujerar ba tukuna.

Bayan wannan akwai kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikitin kansa, na cikin gida ne ko na waje. Shi wannan hukumomi biyar ne ke raba shi: NCAA kashi 56, hukumar kula da sararin samaniya NAMA kashi 22, hukumar hasashen yanayi NiMet kashi 9, kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya kashi 7, sai hukumar binciken haɗurra kashi 6. Sannan akwai waɗanda kamfanin jirgi ke biya kai tsaye, fasinja bai ma san da su ba: kuɗin sauka, kuɗin ajiye jirgi, kuɗin jagorar jirgi a sama, hayar kanta da ofis a filin jirgi, da ɗan abin da ake ɗorawa a kan kowace litar mai. Duk waɗannan daga ƙarshe cikin tikiti suke komawa, don kamfani ba shi da wata gona da yake nomawa.

Ƙungiyar kamfanonin jiragen Afirka, AFRAA, ta yi nazarin harajin da fasinja ke biya idan zai fita ƙasar waje a shekarar 2024. Matsakaicin abin da ake biya a Afirka dala 68 ne. Najeriya dala 180, ita ce ta uku a tsada bayan Gabon da Saliyo. Kuma wannan kafin a ƙara dala 11.5 ɗin da na ambata.

Wani abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, da dala aka yanka waɗannan kuɗaɗe. A 2020 lokacin da aka mayar da kuɗin hidimar fasinja dala 100, a farashin gwamnati bai wuce naira 38,000 ba. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, wannan dala 100 ɗin ta koma wajen naira 140,000 zuwa 150,000. Babu wanda ya fito a rediyo ya sanar da ƙari, amma harajin ya ninka kusan sau huɗu a aljihun mai biya da naira. Shi kuwa manomi da naira yake sayar da amfanin gonarsa.

To ta yaya wannan ke karya kamfanin jirgi, tunda fasinja ne ke biya?

Duk wanda ya taɓa noman rani a Tomas ko Watari zai gane wannan cikin sauƙi. Kujerar jirgi kamar tumatir take. Idan ka kai kwando kasuwa bai shiga ba, ba za ka mayar da shi rumbu ka jira farashi ya tashi ba kamar gero. Haka jirgi, da zarar ya ɗaga da kujera babu kowa a kanta, kuɗin wannan kujera ya tafi har abada. Amma man da zai sha kusan ɗaya ne, albashin matuƙi ɗaya ne, kuɗin sauka ɗaya ne, ko ya cika ko rabi ya ɗauka. Shi kuma fasinja ba ruwansa da nawa ne na kamfani nawa ne na hukuma, jimillar yake kallo. Idan jimillar ta fi ƙarfinsa sai ya nufi tasha ya hau mota, ko ya fasa tafiyar. Saboda haka duk nairar da hukuma ta ɗora, ko dai ta kori fasinja, ko kamfani ya rage nasa kason don ya riƙe fasinjan. Ta kowace fuska kamfanin ne ke ramewa.

Kuma ribar wannan harka ba ta da kauri kamar yadda ake zato. Ƙididdigar ƙungiyar IATA ta kamfanonin jiragen duniya ta nuna abin da kamfanin jirgi a Afirka ke tsira da shi a kan kowane fasinja bai wuce dala ɗaya da 'yan kai ba, alhali matsakaicin duniya yana wajen dala 7. Ka kwatanta da dala 131.5 da hukumomi ke ɗauka a kan fasinja guda, su da ba su sayi jirgi ba, ba su zuba mai ba.

Ga kuma sauran nauyin. Man jirgi shi kaɗai yana cin wajen kashi 40 cikin 100 na kuɗin gudanarwa. Kun tuna a watan Mayun 2022 da kamfanonin cikin gida suka yi barazanar ajiye jiragensu gaba ɗaya, saboda lita ta tashi daga wajen naira 190 zuwa 700? A shekarar ce suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000 aka yi ta ihu. Yau wa zai ba ka tikiti a haka? A nan Kano man ya fi na Legas tsada, don a tanka ake jawo shi daga kudu. Hayar jirgi da dala, kayan gyara da dala, inshora da dala, babban gyara yawanci sai an kai jirgin ƙasar waje. Bashin banki kuma ruwansa ya kusa kashi 30. Filaye da yawa ba sa aiki da daddare, rana na faɗuwa an rufe, sai jirgin da ya kamata ya yi sawu shida ko bakwai ya tsaya a huɗu. Kamfani yana karɓar naira yana kashe dala, sannan hukumomi su jeru kowa da rasit ɗinsa.

Idan ƙarfin kamfani ya ragu, hanyoyin da ba su da cunkoso yake fara yankewa, ya tattara 'yan jiragensa a Legas da Abuja. Shi ya sa sau da yawa mutumin Kano da ke son zuwa wani birni a Arewa ko a makwabta sai ya fara sauka a Abuja, ya sake sayen wani tikitin, ya sake biyan wani harajin.

Mu waiwayi tarihinmu kaɗan. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Filin jirgin Kano shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan. Kamfanin KLM na Holan tun shekarun 1940 yake sauka a nan, sai a 2012 ya tattara ya bar mu. A Kano marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a 1980, kamfanin da ya yi tashe a jigilar cikin gida da ta alhazai da manyan jiragen Boeing 747. Iyalan Isyaka Rabi'u suka kafa IRS, ya tsaya a 2013. Na Kaduna, Chanchangi, ya zama tarihi. A kudu ma haka: Okada, Bellview da sauransu. Na gwamnatin kanta, Nigeria Airways, an rufe shi a farkon shekarun 2000. Aero da Arik kuwa hukumar karɓo basussuka ta AMCON ce ta karɓe su a 2016 da 2017. Azman, wanda ya fara tashi a 2014 muka yi ta alfahari da shi, a Satumbar 2022 NCAA ta dakatar da shi kan sabunta lasisi da bashin da ya haura naira biliyan ɗaya, a 2023 kuma ya tsayar da zirga-zirga ya tura ma'aikata hutun da babu albashi. Yanzu idonmu yana kan Max Air da Rano Air, muna addu'ar Allah Ya raya su.

Ban ce haraji kaɗai ne ya kashe waɗannan kamfanoni ba. Akwai rashin iya shugabanci, akwai tsofaffin jirage, akwai haɗurra, akwai faɗuwar naira, akwai rashin tsaro, akwai mutuwar masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da ta rage matafiya. Amma idan kamfanoni masu mabambantan shugabanni, daga Kano har Benin har Legas, suna ta faɗuwa a rami ɗaya shekara da shekaru, ai sai a duba hanyar, ba direbobin kaɗai ba. Kuma a cikin duk waɗannan matsaloli, haraji da kuɗin hukumomi su ne gwamnati ke iya gyarawa da alƙalami cikin yini ɗaya. Ba ta da iko a kan farashin mai a kasuwar duniya, amma tana da iko a kan rasit ɗinta.

Duk kamfanin da ya mutu kuwa, ba mai shi kaɗai ya yi asara ba. Matuƙa, injiniyoyi, masu sayar da tikiti, masu ɗaukar kaya, direbobin tasi, masu abinci, masu gadi, da yawansu 'ya'yan Ungoggo da Fagge da Dawakin Tofa da Gezawa ne. Kuma idan kamfanoni suka ragu, waɗanda suka saura sai su yanka farashin da suka ga dama. Mun ga akasin haka da idonmu: da Air Peace ya fara zuwa Landan a ƙarshen Maris 2024, nan da nan manyan kamfanonin waje suka sauke farashinsu. Gasa ce ke sauke tikiti, gasa kuma ba ta yiwuwa sai kamfanoni suna raye.

Dattawanmu sun san zancen jangali. Idan aka matsa wa Bafulatani da jangali a wannan gunduma, ba ya tsayawa gardama, cikin dare yake kora shanunsa ya tsallaka wata. Mai karɓa ya wayi gari babu shanun, babu nonon, babu takin da garken ke bar wa gonakinmu. Har sai da marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Haka kasuwannin ƙauye: duk kasuwar da masu yankan rasit suka yi yawa, na ƙofa daban, na rumfa daban, na lodi daban, a hankali fatake ke komawa ta gaba. To jirgi ya fi saniya saurin ƙaura. Kamfanin waje yana da birane ɗari da zai iya kai jirginsa, inda lissafi ya fi fita can zai nufa. Kun ga yadda Emirates ya janye daga Najeriya a 2022 da kuɗaɗensa suka maƙale, daga baya ma kuɗin kamfanonin waje da suka kasa fitarwa ya kai ga haura dala miliyan 800, bai dawo ba sai Oktoban 2024.

Wasu ƙasashen sun gwada sun gani. Holan ta sa harajin tikiti a watan Yulin 2008, sai mutanenta suka riƙa shiga mota suna tsallakawa Jamus da Beljiyam su hau jirgi a can. Shekara ɗaya tak aka janye shi, sai a 2021 suka dawo da wani bisa dalilin kare muhalli. Suwidin ta soke nata a Yulin 2025. A nan kusa da mu, Gana ta cire harajin VAT na kashi 17.5 daga tikitin cikin gida a 2017 don mutane su samu hawa. Waɗannan ƙasashe ba son kuɗi ne ba sa yi. Sun lissafa ne sun ga abin da ake samu daga matafiya masu yawa ya fi abin da ake tatsa daga 'yan kaɗan.

Yanzu bari in yi wa hukumomin adalci, don na san yadda aikin gwamnati yake. Kula da filin jirgi ba wasa ba ne. Titin jirgi, fitilu, motocin kashe gobara, na'urar hango jirage, katanga, dizal na janareta dare da rana, duk kuɗi ne, yawanci kuma da dala ake sayo su. Sababbin gine-ginen saukar fasinjan waje na Kano da Abuja da Legas da Fatakwal da bashin Sin na dala miliyan 500 aka fara su a 2013, kuma bashi sai an biya. Shugabar FAAN, Olubunmi Kuku, ta faɗa a 2024 cewa a cikin filaye 22 da ke hannunsu 3 ne kawai ke kawo riba, su ke ɗauke da sauran. NAMA ta ce tun 2008 ba ta taɓa kuɗin da take karɓa ba, shi ya sa a Yulin 2024 ta nemi ƙarin da ya kai kashi 800, har sai da minista Festus Keyamo ya dakatar. Babu mai hankalin da zai so a yi arha da tsaron jirgi, don a sama babu gefen titi da za a faka.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta fara zare kashi 50 cikin 100 na kuɗin shigar waɗannan hukumomi kai tsaye zuwa baitulmali, har ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama suka yi barazanar zanga-zanga a kai. Ka duba fa. An karɓi kuɗi daga hannun fasinja da sunan hidimar filin jirgi da tsaron lafiyarsa, sai aka kwashe rabi aka kai wani wuri. Hukuma ta waiwaya ta ga abin da ya rage ba zai ishe ta ba, sai ta ƙirƙiro sabon kuɗi ko ta nemi ƙari. Mu da ke ofis mun san wannan karatun: a turo takarda daga sama a ce kowace hukuma ta ƙara kuɗin shiga, kowa ya koma ya duba wa zai tatsa. Babu wanda aikinsa ne ya zauna ya haɗa jimillar ya ga ko saniyar za ta ɗauka. Ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, wadda Najeriya ke cikinta, ita ce kuɗin da aka karɓa don hidima ya yi daidai da hidimar, kuma a kashe shi a kanta. Mu ma Hausawa mun riga mun faɗa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Su ma kamfanonin ba wankakku ba ne. Wancan kashi 5 ɗin amana ce suke karɓa daga hannun fasinja don su miƙa wa hukuma. A Agustan 2022 shugaban NCAA na lokacin, Kyaftin Musa Nuhu, ya ce kamfanonin cikin gida sun riƙe sama da naira biliyan 19 da dala miliyan 7.6 na irin wannan kuɗi. Mun biya, ba su kai ba. Wannan cin amana ne, ko wane uzuri aka kawo. Haka kuma lokacin bukukuwan ƙarshen shekarar 2025 da tikitin wasu hanyoyi ya haura naira 300,000 zuwa kawai, har Majalisar Dattawa ta nemi bayani, kamfanoni suka ce haraji ne, NCAA ta ce a'a, ba a ƙara wa tikitin cikin gida komai ba a watan, cunkoso ne suka samu suka tsuga. A wannan kam maganar NCAA tana da ƙamshin gaskiya, don haraji ba ya sanin Kirsimeti. Ga jinkiri da soke tashi ba tare da ko ban haƙuri ba. Wanda ke neman a sassauta masa, shi ma ya sassauta wa na ƙasa da shi.

Sai batun sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026. Dokar kuɗi ta 2020 ta cire VAT daga tikiti da jirage da kayan gyaransu. Masu kamfanoni, irin su Allen Onyema na Air Peace, suna kukan cewa sabuwar doka ta dawo da kashi 7.5 ɗin. Kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta ya amsa cewa yanzu kamfani zai iya neman a mayar masa da VAT ɗin da ya biya wajen sayayya, kuma an janye kashi 10 da ake cirewa a kan hayar jirgi, wanda ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya. Janye na hayar jirgi abin a yaba ne. Amma duk wanda ya taɓa bin fayil ɗin kuɗinsa daga tebur zuwa tebur ya san tsakanin "za a mayar maka" da "an mayar maka" akwai tafiya. Kamfanin da ke sayen mai kullum da tsabar kuɗi ba zai iya jiran wata da watanni ba. Shi kuwa fasinja, nasa VAT ɗin babu mai mayar masa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na ECOWAS. A nan Abuja, a Disambar 2024, shugabannin ƙasashen ƙungiyar suka amince cewa daga 1 ga Janairu 2026 za a soke harajin da ba shi da alaƙa da sufurin sama, a kuma rage kuɗin hidimar fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100. Shugabanmu ne ke riƙe da ƙungiyar a lokacin. Saura wata ɗaya cif wa'adin ya cika, sai mu muka ƙara dala 11.5. Haba jama'a! Da hannun dama mun sa hannu a kan ragi, da na hagu mun yanka sabon rasit.

To me ya kamata a yi? Ga nawa ra'ayin:

1. A aiwatar da yarjejeniyar ECOWAS gaba ɗayanta, kuma a tabbatar ragin ya bayyana a tikiti, kada ya tsaya a aljihun kamfani.

2. Kuɗin da aka karɓa da sunan filin jirgi ya zauna a filin jirgi. A daina kwasarsa zuwa baitulmali, su kuma hukumomin su riƙa wallafa abin da suka tara a kowane fili da abin da suka kashe a kansa. Mu san nawa Kano ke tarawa, nawa ake dawo mata da shi.

3. A haɗe kuɗaɗen nan wuri guda, a riƙa cire na hukuma kai tsaye lokacin da aka sayi tikiti. Ba kamfanin da zai sake riƙe amana, ba hukumar da za ta sake rufe wa wani kanta ana tsakiyar jigila.

4. Kowane tikiti ya nuna dalla-dalla nawa ne na kamfani, nawa ne na kowace hukuma, da kalmomin da mutum zai gane, ba wasu haruffa biyu-biyu ba. Ranar da aka yi haka gardamar wa ke cutar wa ta ƙare.

5. Duk sabon kuɗin da za a ƙirƙiro, a fara zama da kamfanoni da wakilan matafiya, a nuna lissafin abin da za a yi da shi da ranar da zai ƙare. Dala 20 ta tsaro tun 2010 ake karɓarta.

6. A yi wa filayen da ke nesa da teku irin Kano rangwamen kuɗin sauka da na ajiye jirgi ga duk kamfanin da ya buɗe sabuwar hanya. Filaye da yawa a duniya haka suke jawo jirage. Mu da muke da Dawanau da fatu da kayan lambu, jirgin kaya da ke sauka ya kamata ya tashi da namu, kada ya koma wayam.

7. A fara tatsar inda nonon yake. A Mayun 2024 an soke yafe wa manya kuɗin shiga ƙofar filin jirgi, har shugaban ƙasa da mataimakinsa aka ce su biya. Madalla. A bi sawun masu jiragen alfarma da ke haya da su a ɓoye ba sa biyan ko sisi, kafin a dawo kan mai zuwa Umara.

Wannan ba roƙon alfarma ba ne ga masu kamfanonin jirage, su ma 'yan kasuwa ne, kowa ribarsa yake nema. Maganar ita ce, a ƙasar da har yanzu mutum ke shiga hanyar Abuja zuwa Kaduna da addu'a a bakinsa, ƙasar da aka tare jirgin ƙasa a 28 ga Maris 2022 aka kwashe mutane, jirgin sama ya daina zama abin ƙawa. Kujerar Hajji da ba ta wuce naira miliyan 2.5 ba a 2022 ta haura miliyan 8 a 2025. Faɗuwar naira ce babban dalili, amma mutumin da ke ɗauke da irin wannan kaya, ko tsinke ka ƙara masa sai ya ji.

Ina kira ga sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu, musamman na Kano ta Arewa da Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa ya fito daga cikinta, da 'yan kasuwarmu da ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiyen Hajji da Umara: ku nemi a kawo muku lissafin nan a rubuce, ku tambayi ina ragin ECOWAS ya kwana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ku kuma 'yan uwa, duk wanda ya sayi tikiti kwanan nan, nasa ko na mahaifiyarsa, ya buɗe takardar ya duba layin da aka rubuta haraji da sauran kuɗaɗe, ya kwatanta da ainihin kuɗin kujerar, ya faɗa mana abin da ya gani. Wanda kuma yake aiki a filin jirgi ko a ɗaya daga cikin hukumomin nan yana da wani bayanin, bismillah, muna saurare, amma a yi cikin mutunci.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu, Ya kai masu niyyar sauke farali lafiya Ya dawo da su lafiya. Amin.